Katawut a Aljihun Kawu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, wannan ba ni da ja a kansa. Kawuna ya koma, kuma ko da duk Minna ta taru ta riƙe masa ƙafar tsani, ranar da aka rubuta masa ba za ta wuce shi ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne maganar da na ji ana yi a kan tabarmar makokinsa.

Ina cikin gida wajen mata, amma tagar ɗakin Inna, matar Kawu, tana kallon rumfar da maza suke zaune, don haka duk abin da aka faɗa a kunnena ya sauka. Mutum zai zo ya yi sallama, a ɗaga hannu a shafa fatiha, sai ya gyara zama ya rage murya ya ce, "Wai yaya abin ya faru ne?" Sai Babban Kawu, wan mamacin, ya ja numfashi ya ce, "To, ka dai san tsufa. Ya hau cikin silin gyaran waya, ya manta bai cire wuta ba, aka kawo ta."

Daga nan sai kowa ya kawo nasa. Wani ya ce, "Allahu akbar, a bakin gaɓa ruwa ke cin gwani." Wani ya ce ai da tuni 'ya'yansa sun hana shi hawa tsani. Wani mai sayar da kayan wuta a Kasuwar Kure, wanda Kawu ya sha mayar masa da jabun waya, har da cewa, "Ni na daɗe da lura hannunsa ya fara rawa." Ƙarya kake, wallahi! Hannun da ya zura wa Inna zare a allura ana jibi zai rasu, shi ne ke rawa? Na ƙyale shi, don makoki ba wurin faɗa ba ne.

Mutum ɗaya ce kawai ta ƙi karɓar zancen, wata dattijuwa 'yar Gbagyi da ta zo tun daga Maikunkele da ƙunshin doya a ka. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta saurari labarin daga bakin mata, sai ta girgiza kai ta ce da Hausarta, "A'a. Wannan Baba ba ya mantuwa. Ni ban yarda ba." Aka yi mata caa, ana cewa ki yi haƙuri Mama, ƙaddara ce. Ta ce ta san ƙaddara, su ma suna da ita a coci, amma mantuwa daban.

Ita ta ba mu labarin da ni kaina ban sani ba. Wai shekarun baya famfon gidanta ya riƙa jan jikokinta in sun taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. Kawu ya je wani aiki a maƙwabta, ya ji kukan yaro, ya shigo ba a kira shi ba. Ya gano wayar da ta kwaile tana taɓa bututu, ya gyara, sannan ya haƙa rami a bayan ɗaki ya kafa sandar jan ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri, ya ɗaura mata koriyar waya, wadda suke kira at, mai kai ɓatacciyar wuta ƙasa. Ta ce tun daga lokacin, duk rani in ƙasa ta bushe, sai ta ji ƙarar babur ɗinsa. Ba ya zama, ba ya shan ruwa, bokiti kawai zai karɓa ya tuttula wa ramin, don ya ce busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta. Ta dubi matan ɗakin ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Mutum da bai manta ramina ba, shi zai manta ransa?"

A gidan Kawu na tashi. Mahaifiyata ƙanwarsa ce, da ta rasu ya ɗauko ni ya haɗa da 'ya'yansa, bai taɓa bambanta mu ba, ko a tuwo ko a tsawa. Kakanmu aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi Minna, shi kuma Kawu ya bi wayarin, wato ja wa gidaje wayar lantarki, tun yana saurayi har gemunsa ya yi fari. Ba mutum ne mai sauƙi ba, kada wani ya ce na yi masa kwalliya don ya mutu. Bai iya yabo ba. In ka yi daidai sai ya ce "to", in ka yi kuskure sai unguwa ta ji. Hularsa kullum da testa a soke a gefe, ɗan sukudireban nan mai ƙwai a ciki da ke nuna ko waya na da wuta, har masallaci da ita yake zuwa.

Mu yaran gidan mun san kalar waya kafin mu san karatun boko. A bakin tabarma bayan cin abinci zai zaro guntaye uku daga aljihu ya jera. "Ja layif ne, shi ke kisa. Baƙi nutural, shi ke mayar da wuta inda ta fito, kada ku yarda da shi don kun ga ya yi shiru. Kore at ne, shi ba ya aikin komai sai ranar masifa, shi ya sa marowata ke cire shi." Wanda ya kasa maimaitawa ya sha ranƙwashi. Ni na fi kowa sha, don bakina ya fi kaina sauri.

In an kawo masa waya a wurin aiki, sai ya kankare bakinta da wuƙa ya duba. In ya ga fari a ƙarƙashin jan, wato an shafa wa alminiyon launin jan ƙarfe ne, sai ya naɗe kayansa. Wani mai gidan haya ya taɓa biyo shi har ƙofar gida yana cewa, "Malam, ai ba kai za ka kwana a ciki ba." Kawu ya ce, "Shi ya sa. Da ni zan kwana a ciki, da na san inda zan gudu." Aka ba wani aikin, Kawu ya yi kwana da kwanaki yana zaune a zaure ba aiki, Inna na mita, shi ko a jikinsa.

Amma babbar al'adarsa, wadda duk wanda ya taɓa kiransa aiki ya sani, ita ce ta katawut. Katawut shi ne farin abin nan na tangaran da ke kusa da mita, wanda in an zare shi wutar titi ba ta da hanyar shiga gida. Sauran masu wayarin in sun zare sai su ɗora a kan mita. Kawu a aljihun ƙirji yake sa shi, ya ɓalle maɓalli. Yakan ce, "Wanda ya bar katawut a kan mita ya bar ransa a hannun mai son jin labarai." An sha roƙonsa ya mayar na ɗan lokaci, amarya za ta yi guga, ko maigida zai kalli ƙwallo. Sai ya dafa aljihu ya ce in ya sauko. Wannan mutumin ne aka zaunar da baƙi daga Bida da Kontagora da Kano ana gaya musu ya manta.

A rana ta uku Inna ta miƙo mini kayan da aka cire masa, ta ce in wanke, ita ba za ta iya ba. Na kai bakin rijiya. Da na ɗaga rigar aikinsa sai na ji nauyi a ƙirjinta. Na ɓalle maɓallin, katawut ya faɗo a tafin hannuna.

Sannan na tashi na nufi zaure inda mita take. A gurbin katawut ɗin wani ya lanƙwasa guntuwar waya tsirara ya cusa, don fanka ta juya wa masu gaisuwa. A gidan Kawu! Mutumin da in ya ga irin wannan a gidan wani sai ya tsaya a titi ya yi ta faɗa har a fito. Wato ke nan wanda ya cusa wayar ya ga gurbin ba kowa tun ranar farko, ya san Kawu ya cire wuta, amma ya bar mutane suna shan iska suna cewa tsufa.

Na tare Babban Kawu a soro bayan la'asar, na durƙusa kamar yadda aka koya mini, na buɗe hannu na nuna masa. Bai yi mamaki ba. Ya ce, "Mayar da shi inda kika samo, ki rufe bakinki."

Na ce, "Kawu, in ya cire wutar titi, wace wuta ce ta kashe shi?"

Ya ce, "Ke yarinya ce. Wanda ya tafi ya tafi, maganar mutane ba ta isa kabari. Mai rai shi ake rufa wa asiri."

Na ce, "Shi mamacin ba shi da asiri ne?"

Ya ɗaga sandarsa ya nuna mini ƙofar cikin gida. Na tashi na shiga, amma ban mayar da komai ba, a bakin zanena na ƙulle shi.

Mai ran da ake rufa wa asiri Yaya ne, babban ɗan Kawu, wanda ke zaune da iyalinsa a sashen baya na gidan. Yana sayar da kaji da kifi na sanyi a kasuwa, yana da firiza babba a ɗakinsa. Gidan Kawu akwai canjoba a zaure, akwatin nan mai hannu da ake ja sama in wutar titi ce, a ja ƙasa in janareta ne, a bar shi tsakiya in ana son gida ya mutu gaba ɗaya. Ƙa'idar Kawu ita ce duk wutar da za ta shiga gidan ta nan za ta bi. "Wuta ta ƙofa take shigowa," in ji shi. "Wadda ta shigo ta taga ɓarauniya ce."

Da janaretan gidan ya lalace, Yaya ya sayi ƙarami nasa saboda kajinsa, ya ajiye a bayan ɗaki. Maimakon ya jira a ja masa layi zuwa canjoba, sai ya samo igiya mai kan fulogi biyu, ɗaya a janareta, ɗaya a soket ɗin bango. Da an tayar da inji wuta ta bi soket ta koma baya ta cika wayoyin gidan duka, ba ruwanta da mita, ba ruwanta da katawut. Ranar da Kawu ya gani ina gidan, na zo wuni daga gidan aurena. Ya fizge igiyar ya datse ta da filaya gunduwa-gunduwa a tsakar gida, a gaban matar Yaya da 'ya'yansa, yana cewa, "Ɗan mai wayarin! Kai ne za ka kashe mutum a gidan nan!" Yaya, magidanci da furfura ta fara fito masa, ya ce, "Baba, kajina na ruɓewa. Tun yaushe nake roƙonka ka ja mini layi?" Kawu ya ce sai ya sami waya ta kirki. Yaya ya ce duk Minna ba waya ta kirki sai a bakinka. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a tsaitsaye.

Sauran labarin daga bakin Inna na ji shi, bayan baƙi sun ragu. Na shiga ɗakinta da hantsi na kwance bakin zanena na ajiye mata katawut ɗin a kan darduma. Ta kalle shi, ta ja mayafin takabarta ta rufe fuska, ta yi kuka mai isarta. Sannan ta ce, "Yaron nan ya sake yin wata igiyar. Ba ya sa ta sai Malam ya fita. Na sani, matarsa ta sani. In ya tayar, fankata ma juyawa take, ni ma na sha iskar."

Ta ce ranar da abin ya faru babur ɗin Kawu na wurin bakanike, shi ya sa ba ya ƙofar gida. An ɗauke wuta tun safe. Kawu ya zare katawut, ya sa canjoba a tsakiya, ya gwada da testa, ya hau. Can Yaya ya dawo daga kasuwa da sauri don duba firiza. Bai ga babur ba, ya ɗauka uban ya fita. Ya leƙa canjoba ya gan ta a tsakiya, bai tambayi kansa wa ya sa ta ba. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa ta ji inji ya tashi, ƙwan baranda ya kama, jikoki suka kwasa da gudu suna tsalle suna ihun an kawo wuta. Cikin ihun nan ta ji abu mai nauyi ya faɗi a saman silin.

Na ce, "Inna, me ya hau yi? Me ya lalace?"

Ta ce, "Ba abin da ya lalace. Ya samo wayar da yake so. Layin yaron ya hau ja masa. Ya ce kada in gaya masa, sai ya gama ya gani da idonsa."

Kai, Kawu! A nan kam har kai na ji haushinka, Allah ya gafarta mini. Kai da ka koya mana a yi shela kafin a taɓa waya, kai da ba ka hawa tsani a gidan baƙo sai ka tara mutanen gidan ka gaya musu, a gidanka girman kai ya hana ka buɗe baki ka ce wa ɗanka ina sama. Kalma biyu! Ka toshe ƙofa, ka sa makullin a aljihu, ka san akwai taga, ka ɗauka faɗan da ka yi ya rufe ta. Amma wannan taurin kai ne, kuma da shi muka san ka. Ba mantuwa ba ce, ba rawar hannu ba ce.

Na yi ta jira wani ya gyara zancen. Shiru. Labarin ya bar gidanmu ya shiga gari. A cikin keke na ji wani yana ba abokinsa, bai san ko ni wace ce ba, wai wani tsohon mai wayarin ya rikice ya kama layif da hannu. Har an fara yi wa masu koyon aiki misali da shi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tsare rayukan mutane daga sakaci, yau shi ne abin kwatancen sakaci. Ba shi da gidan haya, ba shi da mota, bai je Makka ba sai sau ɗaya. Sunan nan kaɗai ya tara, shi kuma aka ɗauka aka yi wa mai rai bargo da shi.

Ranar sadakar arba'in na shiga sashen Yaya. Na same shi zaune a bakin gado, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Firizar a buɗe take ba komai a ciki, janaretan an lulluɓe shi da buhu. A kusurwar silin ɗinsa akwai ɗan rami sabo, da bakin waya ja da baƙa da koriya sun leƙo, an naɗe kansu da salatif irin naɗin da mutum ɗaya ne ke yinsa a duniya. Na kama hannunsa na danƙa masa katawut ɗin da na ɗauko daga ɗakin Inna.

Ya ce, "Kullum a ƙarƙashin wayar nan nake kwana. Kin ɗauka ban sani ba?"

Na ce, "Sanin naka me ya amfana masa? Maza na waje, liman na waje. Ka fita ka faɗa."

Ya ce, "Babban Baba ya ce in na yi magana zan kashe Inna."

Sai muka ji muryarta daga bakin ƙofa. Ban san ta biyo ni ba, ita da ba ta fita ɗakinta sai alwala. Ta ce, "Inna ba ta mutu ran nan ba, yau ma ba za ta mutu ba. Na yafe maka, na san ba da gangan ka yi ba, ni ma a yafe mini. Amma mijina bai manta ba. Kullum aka faɗa sai in ji kamar an sake fito da gawarsa."

Yaya ya tashi. Na bi shi har zaure na tsaya a bayan ƙyaure, inda mace ke iya tsayawa. Ya ratsa takalma ya je gaban liman ya durƙusa, ya ajiye farin tangaran ɗin a kan tabarma. Babban Kawu ya ce, "Kai, tashi ka shiga ciki." Yaya bai dube shi ba. Ya ce, "Jama'a, wannan a aljihun Baba aka same shi. Ya cire wuta. Ni na tayar da janareta ta soket, abin da ya hana ni. Layina yake ja mini." Liman ya dubi abin da ke gabansa, sannan ya ɗora hannu a kan Yaya ya yi masa addu'a, ya yi wa Kawu. Ba wanda ya tsine masa, ba wanda ya tashi ya bar wurin. Abin da aka yi ta jin tsoro ke nan har aka sayar da sunan bawan Allah.

Sai dai mutanen da ke kan tabarmar ran nan ba su kai rabin rabin waɗanda suka zo kwanakin farko ba. Na Bida sun koma da tsufa, na Kano sun koma da rawar hannu, mai kayan wutar Kasuwar Kure har yau bai janye tasa ba. Babban Kawu ya daina amsa gaisuwata, ya ce na tona asirin gida. Allah ya ba shi haƙuri, ni dai ban ga ranar da zan ba shi ba.

Saboda su na rubuta wannan. In ka zo gaisuwar Kawuna ka tafi da labarin mantuwa, ka dawo da shi, ba naka ba ne, kuma duk wanda ka ba ka bi shi ka karɓo. Ranar da na je Maikunkele na gaya wa dattijuwar nan, ba ta ce komai ba sai "Ai na faɗa." Ta ja ni bayan ɗaki ta nuna mini ramin, ƙasar ta bushe ta tsattsage. Ni na ɗebo bokitin na zuba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa zafin ransa, ya yalwata masa makwanci, ya ba Yaya ikon ɗaukar abin da ya ɗauka. Yaya ya kira wani tsohon abokin aikin Kawu ya ƙarasa layin har canjoba, an cire guntuwar wayar nan daga gurbin mita an sa sabon katawut. Tsohon katawut ɗin kuwa Inna ta ce a mayar da shi aljihun rigar. Ni na mayar, na ɓalle maɓallin.